Na karɓi fakiti a Debian, ƙorafi ya yi mini yawa: wanne ne nawa?

Tambayar da wani ƙanenmu ya aiko ita ce: "Yaya, na gama karatun kwamfuta a Samaru, ina jiran tafiya bautar ƙasa. Kwanakin baya na karɓi wani ƙaramin fakitin manhajar gyaran rubutu a Debian wanda mai shi ya saki, akwai wanda ke duba mini aikin yana ɗora shi. Yanzu rahotanni sun taru. Wani ya ce ƙ da ɗ da ɓ suna fito masa kamar akwatuna. Wani rahoton ya ce fakitin ya daina ginuwa, har an sa masa serious. Wani kuma sai faɗa yake yi a ƙara masa abin da manhajar ba ta taɓa yi ba. Jiya kuma na ga wani da ban sani ba ya ɗora gyara a fakitina. Ni ba ni na rubuta manhajar nan ba. Wa ya ɗora mini waɗannan, kuma wanne ne dole in gyara?"

Ƙanena, babu wanda ya zauna ya ɗora maka komai. Ranar da sunanka ya shiga layin Maintainer a fayil ɗin debian/control, ranar ka zama adireshin fakitin. Duk wanda zai aika rahoto, ko ta manhajar aika rahoto ta reportbug ko da imel kai tsaye, abin da zai fara rubutawa shi ne sunan fakitin da yake zargi, na'ura kuma ta duba wanda ke riƙe da wannan suna ta miƙa masa. Ba ta karanta abin da ke ciki, balle ta auna ko laifinka ne. Ian Jackson ne ya rubuta wannan tsarin karɓar rahotanni a 1994, shekara ɗaya bayan Ian Murdock ya kafa Debian, ɗaya daga cikin gidajen da ke harhaɗa tsarin kwamfuta na Linux, kuma har yau a kan imel yake tafiya, duk da cewa lambar rahotannin ta haura miliyan ɗaya tun 2021.

To ka ga wanda ya yanke shawarar cewa rahoton naka ne, shi ne mai ƙorafin, kuma shi abin da idonsa ya gani yake kira. Manhajarka ya buɗe, a cikinta ya ga akwatuna, sai ya rubuta sunanta. Bai san akwai fakitoci biyar ko shida a ƙarƙashinta da suka haɗu suka zana harafin ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Saboda haka rahoton da ya sauka a akwatinka zato ne na farko, ba hukunci ba.

Sauran gidajen Linux kowa da yadda yake rabon. A Fedora, mai ƙorafi yana zaɓar sunan fakitin a Bugzilla ta Red Hat, rahoton ya tafi kan babban mai kula da shi, abokan aikinsa su samu kwafi. Gentoo ta sa mutane a tsakiya: sabon rahoto yakan fara sauka wajen masu tantancewa, su buɗe metadata.xml na fakitin, su ba wanda sunansa ya zo farko, su sa sauran a kwafi. Ubuntu kuwa a Launchpad ma'anar ta bambanta sosai. Can idan ka ga sunan mutum a kan rahoto, nufinsa yana kan aikin gyaran yanzu, shi ya sa ba a son ka liƙa wa wani rahoto ba da yawunsa ba. Wanda ya saba da ɗaya ya shiga ɗaya yakan yi wa mutane laifi ba da niyya ba.

Batun dole kuwa, kundin tsarin Debian bai ɓoye ba: babu wanda aka tilasta wa yin wani aiki. Ba albashi ake biyanka ba, babu wanda zai kore ka don rahoto ya kwana. Amma da ka sa sunanka, ka tare wuri. Muddin sunan yana nan, sauran mutane suna ɗaga maka ƙafa, ba sa taɓa fakitin sai sun jira ka. Nan nauyin yake. Ba a ce ka iya gyara komai ba, kuma mafi yawan masu riƙe da fakitoci ba su iya ba. Abin da ake nema a wurinka shi ne duk rahoton da ya shigo ka karanta shi, ka gane na waye, ka kai shi inda ya dace, ka faɗa a fili abin da ka yi da abin da ba za ka yi ba. Kamar mai shago ne a kasuwar Sabon Gari da ya sayar da fanka: ba shi ya ƙera ta ba, amma idan ta ƙi juyawa wurinsa za a dawo da ita, kuma shi ya san ko waya ce ta tsinke a shagonsa, ko daga kamfani ta zo a haka, ko kuwa wutar gidan mai sayen ce ba ta da ƙarfi. A ganina mai kula da fakitin da ke amsa rahoto cikin mako guda da "na gani, ban san dalili ba tukuna, ga abin da nake so ka gwada" ya fi gwanin da ke yin wata shida shiru sannan ya fito da gyara mai kyau.

Mu fara da na haruffan, domin shi ya fi koyar da aikin, kuma kai ka fi kusan kowa a Debian damar bin sawunsa. Wanda ya rubuta manhajar wataƙila bai taɓa lura da bambancin d da ɗ ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tambayi mai ƙorafin abin da ya faru daki-daki. Idan yana danna madanni harafin bai shiga ba sam, ko wani harafi daban ya fito, maganar ta kibod ce, wato xkb-data, wanda ke ɗauke da tsarin kibod na Hausa, ko kuma ibus idan da shi yake rubutu. Idan harafin ya shiga amma akwati ake gani, to an rasa zanen harafin ne. Ka ce ya kwafi rubutun ya liƙa a wata manhajar. In can ma akwati ne, babu fakitin haruffan da ke da su a na'urarsa; ya buga fc-list :charset=0199 ya turo maka abin da ya fito, wannan lambar ta ƙ ce. DejaVu da Noto duk suna da haruffanmu. Kada ka yi mamaki idan ya ce ƙ tana fita amma ɗ da ɓ ba sa fita, domin a Unicode ba unguwarsu ɗaya ba: ƙ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna rukuni guda, ƙananan ɓ da ɗ kuma an ajiye su cikin haruffan masu nazarin furuci, kuma akwai masu zana haruffa da ke yin rukunin farko su tsallake na biyun. In kuwa a wata manhajar komai ya fita lafiya, a taka kaɗai ake ganin akwati, to ko manhajar ta kafe a kan samfurin haruffa ɗaya ba ta barin fontconfig, mai zaɓo wa manhajoji samfurin haruffa, ya nemo mata madadi, ko matsalar tana cikin GTK ko Qt da aka gina ta a kai. Akwai kuma wanda duk mai karanta Hausa a intanet ya sani, inda bayan an adana fayil ƙ ke komawa Æ™. Wannan ba ruwan zanen harafi, an rubuta da UTF-8 ne aka karanta da tsohon tsarin Windows, kuma wannan kusan kullum aikin manhajar ce kanta.

Amsar da ya ba ka ita za ta nuna ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Idan ya zama manhajar na buƙatar wani fakitin haruffa kuma ba a rubuta shi a Depends ko Recommends ba, wato jerin fakitocin da naka ke buƙata, wannan naka ne tsantsa, babu wanda za ka miƙa wa, gyaran layi ɗaya ne. Haka duk abin da ke cikin babban fayil na debian/: dokokin gini, rubutun da ke gudana lokacin girkawa, bayanin lasisi, inda aka ajiye fayiloli.

Idan kod ɗin manhajar ne, sai ka kai wa masu ita na asali, ka rubuta musu rahoto a wurinsu da misalin rubutun Hausa da za su iya kwafa su gwada, sannan ka dawo Debian ka yi amfani da umarnin forwarded ka sa adireshin inda ka kai. Rahoton na Debian a buɗe zai zauna har gyaran ya iso fakitinka. Akwai masu cewa mai ƙorafi "je ka gaya musu da kanka" su rufe. Fedora ma tana da hanyar rufe rahoto da cewa an mayar da shi tushe. Ni dai ban so haka a Debian. Mutumin da ya daure ya rubuta rahoto sau ɗaya, in ka tura shi ya buɗe sabon asusu a wani shafin, yawanci ba zai je ba, matsalar kuma ta koma inda ta fito. Sai dai idan masu manhajar za su yi ta tambayoyin da shi kaɗai ke da amsarsu, nan kam ka roƙe shi ya shiga, kai ka tsaya a gefe kana bi.

Idan kuwa na wani fakitin ne, umarnin reassign ke mayar da rahoton can. A nan ake yawan ɓata wa juna rai. Wanda ka tura wa ba zai ga tarihin hirar a imel ɗinsa ba, ɗan gajeren saƙon na'ura kawai zai gani, don haka ka rubuta masa bayani cikakke: abin da aka gani, abin da ka gwada, dalilin da ya sa kake ganin nasa ne. Ka ƙara affects da sunan fakitinka, domin rahoton ya ci gaba da bayyana a shafinka, kada gobe wani ya sake kawo irinsa. Kuma kada ka tura don kawai ka rage lissafin da ke kanka. Masu riƙe da manyan fakitoci irin fontconfig da GTK suna da ɗaruruwan rahotanni, wanda ya zo ba hujja zai dawo maka, ko ya nutse. In ya dawo, kada ka sake cillawa. Ku yi magana. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai Kwamitin Fasaha na Debian, wanda ke da ikon soke hukuncin mai fakiti da rinjayen uku bisa ɗaya, amma ƙaramin fakiti irin naka bai kamata ya kai can ba.

Wani abu da ke kama sababbi: idan ka amsa zuwa adireshin lambar rahoton kaɗai, wanda ya kawo ƙorafin ba zai samu ba. Sai ka sa shi a kwafi. Mutane da yawa sun yi tambaya, suka sa moreinfo, alamar ana jiran ƙarin bayani, suka yi wata uku suna jiran amsar wanda bai ma san an tambaye shi ba.

Na biyun, wanda ya ce fakitin ya daina ginuwa, shi ne mai agogo a kansa. Matakan tsanani a Debian bakwai ne, daga critical har wishlist, kuma uku na sama, wato critical da grave da serious, su ne ke hana fakiti shiga sabon fitowar Debian. Fakitin da ba ya ginuwa daga tushensa serious ne ba gardama. In aka bar shi, na'ura za ta aiko maka da gargaɗi, sannan ta cire fakitin daga testing, rumbun da ake shirya fitowa ta gaba a cikinsa, ta haɗa da duk wanda ya jingina a kansa. Wannan naka ne ko da ba kai ka jawo shi ba, kuma yawanci ba kai ba ne. Akwai masu sake gina dukan rumbun Debian lokaci-lokaci su aika rahotanni da yawa a tashi ɗaya, musamman in an sabunta GCC, manhajar da ke gina su daga kod. GCC 14 da ya fito a 2024 ya mayar da wasu abubuwan da a da gargaɗi ne kawai a harshen C suka zama kuskure mai tsayar da gini, tsofaffin manhajoji da dama suka faɗi. Kafin ka zauna rubuta gyara, ka leƙa ma'ajiyar masu manhajar, sau da yawa sun riga sun gyara ba su fitar da sabuwar siga ba ne. In babu, ka duba Fedora da Gentoo; Fedora takan riga kowa ɗaukar sabon GCC, don haka facinta, wato ɗan gyaran da take liƙa wa kod, yakan riga naka. Ka gwada ginin a tsaftataccen wuri da sbuild, ba a kan kwamfutarka da ta tara tarkace ba. Na san abin da wannan ke yi wa data. Ka girka apt-cacher-ng, abin da ka sauke sau ɗaya ba za ka sake biyansa ba. In kuma a kan wata irin na'ura ce kaɗai yake faɗuwa, kamar s390x da babu mai ita a Zariya, Debian na da injinan gwaji, kuma wanda ke ɗora maka zai iya nema maka izinin shiga.

Kana da ikon rage tsananin rahoto idan ka ga an zuzuta shi, amma ka rubuta dalili. Rage shi don kawai fakitin ya tsira a testing kowa zai gane, kuma maganar ƙarshe a kan abin da ke hana fitowa tana hannun masu kula da fitowar ne, ba kai ba.

Na ukun ba ya buƙatar dogon zance. Ka mayar da shi wishlist, ka gaya wa mutumin cikin ladabi cewa ƙarin aiki a manhaja na masu ita ne, ka kai musu in kana ganin shawarar na da amfani. In ba ta da shi, ka sa wontfix, wato ba za a yi ba, da jimla biyu na dalili. Faɗansa ba ya ƙara masa haƙƙi a kanka, kuma kada ka rama, domin duk abin da ka rubuta a can yana nan a fili har abada.

Sai mu zo kan wanda na ji ya fi ƙona maka rai, ko da yake a ƙarshe ka ambace shi. Abin da mutumin nan ya yi sunansa NMU, wato ɗora gyara daga wanda ba shi ke riƙe da fakitin ba, kuma halal ne. Fakitin ba gonarka ba ce, riƙo aka ba ka. Akwai ƙa'ida: ya tura bambancin abin da ya canza a cikin rahoton, ya taƙaita ga gyaran matsalar ba tare da sake maka fasalin fakiti ba, sannan ya bi layin jinkiri domin ka samu damar cewa dakata. Littafin jagorar masu aikin Debian ya ba da ma'auni: kwana 2 idan matsala ce mai hana fitowa da ta wuce kwana 7, kwana 5 idan an haɗa da masu matakin important, kwana 15 ga sauran. Idan kuwa mai hana fitowa ce kuma mai fakitin bai ce uffan ba har kwana 7, ana iya ɗorawa nan take. To ka duba da kanka. In rahoton serious ɗin nan ya yi sama da mako ba ka tanka ba, mutumin bai yi maka shisshigi ba, ya cece ka ne daga cirewa, kuma ka aika masa godiya. In ya tsallake ƙa'ida, ka gaya masa a cikin rahoton, a taƙaice, ba da zafi ba. Ko ta wane hali, sai ka ɗauki canjinsa da abin da ya rubuta a debian/changelog ka shigar a ma'ajiyarka ta Salsa, shafin ajiyar kod na Debian, kafin ka sake ɗorawa. Za ka gane sigarsa da ɗigon da aka ƙara a ƙarshe, kamar 1.2-3.1. In ka manta, ɗorawarka ta gaba za ta goge gyaransa, matsalar ta dawo.

Tunda ka fara sha'awar rubuta faci da kanka, akwai labarin da ya kamata ka sani. A 2006 an cire wasu layuka daga OpenSSL na Debian, manhajar ɓoye sirrin sadarwa, domin Valgrind, manhajar da ke farautar kurakuran ƙwaƙwalwa, tana kuka da su. An ma yi tambaya a zauren masu OpenSSL kafin a cire, amma ba a fahimci juna sosai ba, facin kuma ya zauna a Debian kaɗai. Ashe layukan nan su ne ke zuba bazuwar da ake ƙera mabuɗan sirri da ita. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano cewa duk mabuɗin SSH ko SSL da aka ƙera a Debian da Ubuntu a tsakanin nan yana cikin ƙasa da 33,000 ne ga kowane nau'i, abin da ɓarawo zai lissafa ya ajiye a aljihu. Duniya ta sha canjin mabuɗai. Wanda ya yi facin ba sakarai ba ne, rahoto yake ƙoƙarin rufewa kamar yadda kake yi yanzu. Shi ya sa duk facin da ka sa a debian/patches ka rubuta masa kai bisa tsarin DEP-3, wa ya yi shi, don me, an kai wa masu manhajar ko ba a kai ba, kuma ka kai musu facin kansa, ba tambaya a dunƙule ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Facin da suka ƙi karɓa, ka tsaya ka ji dalilinsu kafin ka riƙe shi.

Haka kuma ba kowane mai matsa maka lamba ne ke son alherin fakitin ba. Abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a 2024 ya nuna haka. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da manhajar kusan shi kaɗai, wasu asusu suka yi ta yi masa gorin jinkiri har ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan dama, shi kuma ya dasa ɓarauniyar hanya a siga 5.6.0 da 5.6.1. Har a Debian an shigar da rahoto ana neman a gaggauta ɗora sabuwar sigar. Andres Freund ne ya lura cewa shiga ta SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba a kan Debian unstable, inda sababbin sigogi ke fara sauka, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris. Ban ce ka riƙa zargin duk mai ƙorafi ba. Amma duba abin da ya canza tsakanin tsohuwar siga da sabuwa kafin ka ɗora yana cikin aikinka, kuma "yi sauri" daga bakin wanda ba ka sani ba ba dalili ba ne. In kuma rahoton tsaro ne ya zo maka a asirce, kada ka buɗe shi a fili, ka tuntuɓi ƙungiyar tsaro ta Debian, su za su gaya maka yadda za a yi da stable, wato Debian ɗin da aka riga aka fitar wa jama'a.

Stable ɗin ma ka sa shi a lissafi. Sigar da ta shiga Debian 13, wadda ta fito a watan Agusta na 2025, za a yi kusan shekara biyar ana amfani da ita in an haɗa da tallafin dogon zango, kuma can ba a zuba sabuwar siga, ƙaramin faci ake ɗauka a liƙa wa tsohuwar. Duk abin da ka bari ya wuce yau, kai ko magajinka zai yi ta jinyarsa.

Saura maganar bautar ƙasa, wadda ita ce ta fi damuna a tambayar taka, ko da yake ba ka ɗauke ta matsala ba. Mako uku na sansani ba komai ba ne. Abin da ke biyo baya ne ba ka sani ba, ƙila a jefa ka inda sai ka hau tudu kake samun sabis. Tsarin Debian yana da sauƙi ga mai raunin intanet, tunda imel ne, kana iya rubuta amsoshinka ba wuta ba sabis ka tura daga baya, kuma umarnin bts na iya ajiye maka rahotannin fakitinka a kwamfuta. Duk da haka ka shirya tun kana gida. Ka gaya wa wanda ke ɗora maka ranar tafiyarka. Ka sa sunanka a jerin waɗanda suka yarda a yi musu NMU ba dogon jira. Abin da ya fi duka, ka nemi ƙungiyar da fakitin ya dace da ita, ka mayar da ita Maintainer, kai ka koma Uploaders. Sai dai ka sani waɗanda ke Uploaders ba a aika musu rahotanni kai tsaye, sai ka yi rajistar bin fakitin a tracker.debian.org.

In ka ga ba za ka iya ba, akwai matakai, kuma duk rahotanni ne da ake shigarwa a kan wnpp, jerin fakitocin da ke neman mai kula, inda kai ma ka tsinci fakitin. RFH na nufin kana nan amma kana son hannu. RFA na nufin kana riƙe da shi kafin a samu mai karɓa. O kuwa ka sake shi ke nan, ya koma hannun ƙungiyar QA mai kula da ingancin Debian, kowa na iya gyara shi ba tare da jiran kowa ba. Fakitin da aka saki a fili ya fi wanda ke da suna a kai amma mai sunan ya ɓace, domin na biyun sai an bi dogon layi: ƙungiyar MIA, masu bin sawun waɗanda suka ɓace, ta yi ta aika wasiƙu tana jiran amsa, ko wani ya shigar da ITS, hanyar ceto da aka kawo a 2018, ya jira kwana 21, sannan ya ɗora da jinkirin wasu kwana 7. Duk tsawon wannan lokaci masu amfani da fakitin na zaune da matsalarsu. A Fedora ma haka ne da ɗan bambanci, fakitin da aka saki in ya yi mako shida babu mai ɗauka sai a yi masa ritaya.

Da ni ne kai, daren nan zan amsa rahoton serious ɗin in tabbatar gyaran mutumin ya rufe shi, in jawo canjinsa cikin Salsa, sannan in aika wa mai haruffan tambayoyin nan da shi a kwafi. Idan aka gano na manhajar ne, ka haɗa wa masu ita ɗan fayil na gwaji mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana, ka sa har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda muke sa 'y, ka roƙe su su shigar da shi cikin gwaje-gwajen da suke yi kafin kowace fitowa.